Digiri na biyu a dokar haƙƙin mallakar fasaha: Abin da lauyan Kaduna zai auna

Matashin lauya daga Kurmin Mashi ko wata unguwar Kaduna da ke shawarar komawa makaranta don digiri na biyu a dokar haƙƙin mallakar fasaha, yana bukatar ya san abin da takardar za ta ba shi kafin ya zuba kuɗinsa da shekara ɗaya zuwa biyu na rayuwarsa.

Abin da fannin ya ƙunsa

Dokoki uku ne ginshiƙinsa a Najeriya. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta maye gurbin ta 1988. Tana kare littafi da waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai su, ta kuma ba da damar neman a sauke kayan sata daga intanet. Dokar Tambarin Kasuwanci ta 1965 tana ba da rajistar shekara 7, a sabunta duk shekara 14. Dokar Ƙirƙire-ƙirƙire ta 1970 kuwa tana kare sabuwar ƙira shekara 20.

Abin da digirin ba ya bayarwa

Ba shi ne lasisin aiki ba. Duk wanda ya gama Makarantar Horas da Lauyoyi aka rantsar da shi, yana iya tsayawa gaban Babbar Kotun Tarayya, wadda sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wa waɗannan shari'o'i, kuma tana da reshe a Kaduna.

Inda yake da daraja

Ga mai son koyarwa a jami'a, shi ne matakin farko zuwa digiri na uku. Yana kuma ƙara nauyi wajen neman aiki a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, ko NOTAP, ko ofishin WIPO da aka buɗe a Abuja a 2020. Manyan ofisoshin lauyoyin fannin dai sun fi yawa a Legas, rajistar tambari kuma a Abuja take.

Wurin karatu

Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, Zariya, tana ba da digiri na biyu a shari'a. Jami'ar Afirka da ke Mutare, Zimbabuwe, tana da shiri na musamman tare da WIPO da ARIPO. Karatun Ingila na da tsada tun faɗuwar darajar naira a 2023, kuma dokar can ake koyarwa.

Kasuwar Arewa

Bukata na nan: masu shirya finafinan Kannywood da satar fasaha ta durƙusar, marubutan littattafan Hausa da ake yaɗa aikinsu a WhatsApp ba izini, da maƙeran Panteka masu ƙera injina ba rajista. Sai dai mafi yawansu ba su saba biyan lauya ba. Wanda zai zauna a Kaduna ya fara rubuta musu yarjejeniya da yi musu rajista, ya ga ko aikin na ciyarwa, kafin ya biya kuɗin makaranta.