Idan Ƙungiyar Kotso Ta Watse: Narambaɗa na Isa da Ɗanƙwairo na Maradun

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Isa ta nufi Sabon Birni, ya ratsa fadamun da Bunsuru da Gagare suke shayarwa kafin ruwansu ya gangara cikin Rima, in dai mai sha'awar labarin mazan jiya ne, ba zai rasa tuna cewa ƙasar da yake takawa ta san watsewa da sake zama tun kafin a haifi kakanninsa ba. A nan kusa kufan Alƙalawa yake, birnin Bawa Jan Gwarzo, wanda rundunar jihadi ta ci a shekarar 1808, Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa a ciki. Daga nan Gobirawa suka yi ta ƙaura da yaƙe-yaƙe har suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sa'an nan Ɗan Halima ya ɓalle daga can ya zo ya kafa Sabon Birni, alhali kuwa a Isa ma akwai mai amsa sunan Sarkin Gobir daga zuriyar Mujaddadi Shehu Usmanu. Sarauta guda ta rabu gida-gida, kowane gida kuma yana bukatar tambarinsa da maroƙansa, gama ko da yake Shehu ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin al'adun sarakunan Haɓe da ya soka a littafinsa Kitabul Farƙi, ba a yi nisa ba sai ga fadojin jikokinsa sun cika da masu kotso da masu taushi, domin mulki a ƙasar Hausa bai taɓa iya zama shiru ba.

Abin da nake nufin dubawa a nan shi ne halin da makaɗi yake shiga ranar da ƙungiyar da ta raine shi ta zo ƙarshe. Wajibi ne mai karatu ya fara sanin cewa makaɗin fada ba mutum ɗaya ba ne, ko da yake suna ɗaya ake kira. Akwai jagora, wanda yake ƙulla waƙa ya kafa gindinta. Akwai 'yan amshi, waɗanda mutanen Sakkwato da Zamfara suke ce wa 'yan karɓi, su ne masu rataye da kotso suna buga shi da yatsu, su karɓi gindin waƙa, su ƙarasa ɗan waƙar da jagora ya ɗauko ya sake musu a tsakiya. Akwai daudun kiɗi, mataimakin jagora kuma mai jiran gado. Akwai kuma sanƙira, mai zuga da fayyace wa jama'a asalin wanda ake wasawa da irin kyautar da ya yi. Waɗannan mutane tare suke kwana suna sassaƙa waƙa kafin a kai ta fada, tare suke cin tuwo, tare suke raba riga da doki da damin hatsi bisa ƙa'idar da kowa ya san matsayinsa a cikinta. Abu biyu ne ke raba su bisa galibi, wato rasuwar jagora ko gushewar ubangida, na uku kuwa, wanda ba a cika son faɗa ba, shi ne ranar da muryar yaro ta kai ta maigidansa.

Ibrahim Narambaɗa, wanda aka haifa a Tubali ta ƙasar Isa wajen ƙarshen ƙarni na 19, shi kansa sai da ya bar wata sana'ar kiɗa kafin ya kama wadda ta ɗaukaka shi. Da kiɗan noma ya fara, yana bin manoma wurin gayya yana zuga su, irin kiɗan da ladansa dami ne da fura, wanda kuma kasuwarsa take ci da damina ta mutu da rani. Daga baya ya ɗauki kotso, wanda masu tarihinsa suka ce ta wajen dangin mahaifiyarsa ya gaje shi, ya nufi fada, har ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya zauna ƙarƙashin inuwarsa iyakar rayuwarsa. Wanda ya saurari waƙoƙinsa da kunnen basira zai ji manomin nan bai mutu a cikinsa ba, don kuwa misalansa na dawa ne da gulbi da dabbobi, ga kuma hikima irin ta wanda ya zauna kusa da malamai ya tsinci zancen ƙaddara da ajali da jujjuyawar zamani. A ganina sirrin Bakandamiya ke nan, waƙar da ya fifita a kan sauran waƙoƙinsa: mutum ne ya shigo fada da dukiyar da ya tara a gona, bai zubar da ita a ƙofar gari don kunya ba.

Da Allah ya karɓi ransa a farkon shekarun 1960, sai ƙungiyar ta rasa kanta, domin irin azancin Narambaɗa baiwa ce da ba a rubuta ta cikin wasiyya, ba a kuma raba ta a gado. Waƙoƙin sun tsira, saboda an riga an ɗauke su a faifai, gidan Rediyon Kaduna kuma ya yi ta saka su shekara da shekaru har suka shiga kunnen waɗanda ba su taɓa ganin Isa ba. Malaman jami'a sun bi su da nazari, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya wallafa littafi sukutum a kansa a 2009. Amma duk sa'ad da mai gabatarwa ya sanar da waƙar, sunan mutum guda yake ambata, alhali kunne yana jin muryoyi da dama suna ɗauke da ita a baya, kuma wannan abu ya daɗe yana sosa mini rai.

Wanda ya fi nuna mana yadda ake rayuwa bayan rabuwa shi ne Musa Ɗanƙwairo, maƙwabcinsu ta kudu. An haife shi a Ɗankadu ta ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20, a gidan da kiɗa ya zama gado, mahaifinsa Usman Ɗanƙwanda kuwa makaɗin Sarkin Kayan Maradun ne. Laƙabin ma da duniya ta san shi da shi aro ne daga cikin ƙungiya, gama an ce akwai wani mai zaƙin murya cikin yaran mahaifinsa da ake kira Ƙwairo, da aka ji muryar yaron ta ɗauko tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo. Da mahaifin ya rasu, halifanci bai faɗo kan Musa ba, sai ya faɗa kan wansa Abdu Kurna, kamar yadda al'ada ta hukunta, shi kuwa Musa aka ba shi daudun kiɗi. Ya daɗe a wannan matsayi ƙwarai, har ya wuce shekarun da yawancin mutane suke kafa nasu gida na sana'a, yana tsaye bayan wansa yana karɓi, yana ƙara wa waƙa gishiri, ana yaba ƙungiyar da sunan Kurna. Duk mai son sanin inda haƙurin mutanen dā ya kai, to, ya dubi mutumin da ya san abin da Allah ya ajiye masa a maƙogwaro, ya kuma yarda ya jira.

Sababin fitarsa Sardaunan Sakkwato ne, Sir Ahmadu Bello. Sardauna ya san gabashin Sakkwato ciki da bai, domin tun 1938 aka tura shi Gusau yana duba gundumomin wannan yanki, kuma da ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954 sai ya kasance mai mulki wanda ikonsa ya zarce na kowane sarki, amma ba shi da makaɗin kansa irin yadda Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yake da Salihu Jankiɗi. Ruwayar da ta fi yawo a bakin masana ita ce, da aka nemi makaɗi daga Maradun, Kurna ya ga girma ya fara kama shi, tafiye-tafiyen siyasa kuma ba na tsoho ba ne, sai aka sallama ƙanensa. Ta haka Ɗanƙwairo ya ware da nasa 'yan amshi, yawancinsu 'ya'yansa da danginsa, ya fita daga da'irar fada guda zuwa filin da ya kai faɗin Arewa, inda waƙar da aka rera yau a Kaduna gobe za a ji ta a Borno da Ilori ta bakin rediyo. Rabuwa ce ta lalama da albarkar babba, kuma ina kyautata zaton wannan albarka tana cikin abin da ya sa sabon ginin ya tsaya.

Sai dai inuwar ba ta daɗe ba. Ran 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna, Ɗanƙwairo ya wayi gari, yana dattijo, ba shi da ubangidan da ya bar gida dominsa. Ga shi kuma zamanin kansa yana juyawa: an rushe Jihar Arewa a 1967 aka yanka ta jihohi shida, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa rage ikon sarakuna da hakimai, ta yadda fadar da dā take iya ɗaukar nauyin makaɗi da iyalinsa da dokinsa shekara zagaye ta koma tana lissafin albashi. Makaɗin da ya ce lalle sai ya zauna ƙofar sarki guda kamar yadda Narambaɗa ya zauna a Isa, yunwa ce za ta tashe shi.

A nan ne fasahar mutumin ta bayyana a karo na biyu. Bai koma bayan wansa ba, bai kuma jingine kotso ba. Ya mai da kansa makaɗin sarauta baki ɗaya, yana zagaya fadoji, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gado a wannan shekara ta 1966, waƙoƙin da har yau ake jin su, ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu, ya yi wa hakimai da attajirai da manyan ma'aikata. Kaset ya zo ya taimake shi, waƙa ta shiga motocin haya da rumfunan kasuwa ba tare da neman iznin fada ba. Akwai masu ganin wannan a matsayin raguwar martabar kiɗan fada, suna cewa yabon da aka raba wa mutum ɗari bai kai nauyin wanda aka keɓe wa mutum guda ba, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya tsara ƙungiyarsa bayan ya ɗanɗani zaman bayan wani. Wanda ya saurari waƙoƙinsa na ƙarshe zai ji jagora yana ɗauko zance kaɗan ya saki, 'yan amshi su kwashe shi su yi ta miƙa wa juna, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka, har mutum ya kasa rabe inda tsohon ya tsaya da inda yaransa suka fara. Saboda haka da ya rasu a 1991, akwai waɗanda waƙoƙin suka riga suka zauna a bakinsu, 'ya'yansa suka ɗauki kotso suka ci gaba da zuwa fadojin da ya saba zuwa.

Gidajen nan biyu, na Tubali da na Ɗankadu, duk daga gona kiɗansu ya taso, kuma ita gonar ce yau take cikin wahala a wannan yanki. Shekarun nan 'yan bindiga sun addabi ƙasar Isa da Sabon Birni da Shinkafi, ƙauyuka da yawa sun tashi, wasu mutanen sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi suna zaman gudun hijira, manomi kuma ba ya zuwa gonarsa ta nesa sai da fargaba, balle a tara gayya a kira mai ganga ya tsaya bakin kunya yana kiran sunayen samari ɗaya bayan ɗaya.