Yadda jami'o'in Amurka ke farautar matasan da za su tare musu jifa a filin wasa

A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ake jifa da hannu, kuskuren ɗan wasa ɗaya a baya kan rusa wahalar kakar wasa guda. Shi ya sa manyan jami'o'in ƙasar ke zuba kuɗi da lokaci wajen neman matasan da za su tsare musu baya.

Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11 a fili. Masu kai hari na da dama huɗu su ci yadi goma, kuma hanya mafi sauri ita ce mai jifa ya wurga ƙwallo ga abokin wasansa da ya sheƙa gaba. Aikin 'yan baya shi ne su hana a cafke ta, ko su ƙwace ta tun tana sama.

Dabarun tsaro

Tsofaffin dabarun biyu ne. A ta farko, kowane ɗan baya kan ɗauki mutum guda ya bi shi sau da ƙafa. Idan aka fi shi gudu, babu mai rufa masa asiri. A ta biyu, ana raba fili yanki-yanki, kowa ya tsare nasa, sai dai ƙwararren mai jifa kan gano giɓin da ke tsakanin yankunan.

Nick Saban, wanda shi ma ɗan baya ne a zamanin karatunsa a Jami'ar Kent State, ya shahara da dabara ta uku da ta haɗa biyun. Ɗan wasa kan fara da tsaron yanki, da zarar ya karanci inda abokin hamayya ya nufa sai ya manne masa. Saban ya gina tsarin ne tare da Bill Belichick a ƙungiyar Cleveland Browns tsakanin 1991 da 1994, kafin ya kai shi jami'o'i, inda ya lashe kofin ƙasa sau bakwai: ɗaya da LSU a 2003, shida da Alabama.

Da ƙungiyoyi suka koma tura masu cafke ƙwallo uku ko huɗu a lokaci guda, 'yan baya huɗu na al'ada sun daina wadatarwa, dole aka riƙa ƙara na biyar, wani lokacin har na shida.

Farautar matasa

Neman 'yan wasa kan fara tun suna sakandare. Shafuka irin su 247Sports da Rivals na ba su taurari, biyar ce ƙololuwa, masu horarwa kuma kan je har gida domin shawo kan iyaye.

Abubuwa uku Saban ya fi dubawa: ko yaro zai iya bin mutum shi kaɗai, ko zai iya kayar da mai ɗauke da ƙwallo, da kuma ko zai iya karantar ƙwallon da aka cilla nesa. Daga wannan makaranta Minkah Fitzpatrick ya fito, wanda aka zaɓa na 11 a gasar ƙwararru ta NFL a 2018, da Patrick Surtain II, na tara a 2021.

Abin da ya sauya

Tsarin Saban na buƙatar shekaru kafin ya zauna a kan matashi, amma yanzu lokacin ne ya yi ƙaranci. A 2018 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta buɗe rajistar masu son sauya sheƙa, sannan daga 1 ga watan Yulin 2021 ɗalibai suka samu damar karɓar kuɗi ta hanyar tallata sunansu.

Saban ya yi ritaya a watan Janairun 2024. Kwanaki kaɗan bayan haka Caleb Downs, ɗan bayan da ya haskaka a shekararsa ta farko a Alabama, ya koma Ohio State, wadda ta ɗauki kofin ƙasa shekara guda bayan zuwansa.

A yau mai horarwa ba ya gama farauta ranar da matashi ya sa hannu. Kowace shekara sai ya sake lallashin wanda ya raina da hannunsa don kada wata jami'ar ta ɗauke shi.