Ɗakin Da Ake Ɗora Wa Jaki

Wannan makon sai kun yi mini haƙuri, na ɗan jingine labarin da muke ciki, domin akwai wata magana da ta tsaya mini a rai. Kwanakin baya 'yar yayata ta miƙo mini wayarta tana cewa, "Anti, dubi ikon Allah." Ina dubawa sai ga wata Baturiya a Amurka cikin wani ɗan mitsitsin gida na katako mai tayoyi, gado a sama, kicin a ƙasa, idan ta gaji da gari sai ta ɗaura shi a bayan mota ta ƙara gaba. Yarinyar nan, wadda kuɗin haya ya sa aka ɗaga bikinta har sau biyu, ta ce ina ma a ce ana samun irinsa a Kano, da ta huta. Na yi dariya, amma sai hankalina ya koma kan wani tsoho da na sani ina ƙarama.

A unguwarmu akwai gidan wani attajiri, mai gadinsa Buzu ne, dogo, kullum fuska a naɗe da rawani, takobi a gefe, butar shayi a kan gawayi. Baba Buzu muke ce masa. Wata rana ina 'yar firamare na tambaye shi ina ɗakinsa yake, don ban taɓa ganin ya kwana a ko'ina ba sai bakin ƙofa. Sai ya ce mini shi ba shi da ɗaki, ɗakin na matarsa ne, kuma da suka rabu ta tafi da abinta. Na ɗauka zolaya ce irin ta manya. Sai da na girma, ina tattara bayani don wani littafi da na so in kai jarumarsa Agadas, sannan na gane gaskiya tsohon nan ya faɗa mini.

Mutanen da muke kira Buzaye ko Azbinawa sun daɗe suna yawo tsakanin duwatsun Azbin, da filayen Azawak, da Adrar ta ƙasar Mali, da Ahaggar ta Aljeriya. Ƙasa ce da ruwan saman da take samu a shekara sau tari ba ya kai kashi ɗaya bisa biyar na abin da Kano ke samu, kuma ba ya sauka wuri ɗaya. Bana ciyawa ta fito a wannan kwari, baɗi sai can gaba. Mai raƙuma da awaki a irin wannan ƙasa idan ya ce zai kafa gidan ƙasa ya zauna, to dabbobinsa ya yanka. Saboda haka dole gida ya bi dabba, dabba ta bi ruwa. A ƙarshen damina, wajen watan Satumba, makiyaya kan gangara yankin Ingal domin dabbobi su lashi gishirin ƙasa su sha ruwa mai kanwa, abin da ya zama babban taron shekara-shekara da Faransawa suka sa wa suna Kyur Sale.

Tantin nasu iri biyu ne. Mutanen Azawak da na Ahaggar da na Adrar da fata suke yi. Ana jeme fatun awaki da tumaki gommai, a ɗinke su wuri ɗaya, a shafe da man shanu da jar ƙasa don kada ruwa ya ratsa, sannan a ɗora a kan turaku. Mutanen Azbin kuwa, irin su Kel Ewey da Kel Ferwan, da tabarmi suke yi, na kabar goriba, a lulluɓa su a kan baka-bakan da aka lanƙwasa daga saiwar itatuwan ƙaya. Akwai kuma wata doguwar tabarma ta ciyawa, wadda ake ƙawata ta da zaren fata, ana kewaye tanti da ita don tare iska da rairayi. Asabar suke ce mata, kun ji yadda sunan ya yi kama da asabarinmu, kamar yadda takobarsu ta yi kama da takobinmu. A ciki babban kaya shi ne gado, wanda maƙera ke sassaƙawa, kuma shi ma warware shi ake yi sanda-sanda. Ranar tashi mata kan sauke komai da safe, su naɗe, su ɗora wa jakuna ko raƙumi ko takarkari, kafin rana ta faɗi an sake kafa shi a wani wuri.

To ga inda maganar Baba Buzu ta fito. Tantin nan na mace ne. Idan za a aurar da yarinya, uwarta da ƙannen uwarta da sauran dangi mata su ne ke haɗa mata shi, kuma a wasu wuraren har uwa kan ciri wani abu daga nata tantin ta sa a na 'yar. A harshensu kalmar ehan tana nufin tanti, tana kuma nufin aure, wato idan an ce wane ya yi tanti to ya yi aure ke nan. Saurayi ba shi da ɗaki; da ya balaga yakan bar na uwarsa ya riƙa kwana a fili. Ango shi ne ke tarewa a ɗakin amarya. Musulmi ne kamar mu, da waliyyi da sadaki da shaidu ake ɗaura aure, amma ranar da zama ya ƙi, namiji ne ke ɗaukar sirdinsa da takobinsa ya fita, ita kuwa ta naɗe ɗakinta ta koma kusa da danginta. Ban da tanti, akwai dabbobin da iyaye ke keɓe wa 'ya'ya mata, waɗanda ba a sayarwa, suna kiransu da sunan da ke nufin nono mai rai.

Wannan tsari yana da dalili. Mazan Azbin, musamman Kel Ewey, fatake ne. Da kaka ayarin raƙuma ke ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ɗauko kantun gishiri da dabino, su dawo su huta, sannan su gangaro Damargu da ƙasar Hausa su musanya da gero da tufafi. Bature ɗan Jamus ɗin nan, Heinrich Barth, wanda ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850, irin wannan ayarin ya biyo da ya nufo kudu, har ya iso Kano a farkon 1851. Namiji zai iya yin rabin shekara ba ya gida. Wa zai riƙe awaki da yara da ɗaki in ba mace ba? Mu da muke rubuta littattafai, sau nawa muka rubuta babin da ake watso wa mace kayanta waje da tsakar dare, ga goyo ga akwati, ba ta san inda za ta dosa ba? A ƙarƙashin tantin fata wannan babin ba ya rubutuwa. Babu mai gidan haya da zai turo takarda, babu maƙwabcin da ya zama ƙarfen ƙafa, in wuri ya ɓaci a tashi. Kaya kuma ba sa taruwa, don duk abin da jaki ba zai ɗauka ba, ba naki ba ne.

Amma fa kada daɗin labari ya kwashe mu, kowane allazi da nasa amanu. Na farko, sauke ɗaki da kafa shi da ɗebo ruwa daga rijiya mai zurfi da daka, aiki ne mai karya ƙugu, kuma a zamanin da ba matan manya ke yinsa ba, bayi ne. Ita kanta kalmar Buzu a asali bayin Azbinawa da 'yantattunsu take nufi, daga baya muka game kowa da ita. Faransa ta fitar da dokar hana bauta a yankunanta na Afirka ta Yamma a 1905, amma abin bai mutu nan take ba, sai a 2003 Nijar ta mai da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Ke nan hutun da ake ba da labarinsa na uwar ɗaki, guminsa a jikin wata yake. Na biyu, ɗaki ɗaya ne ga miji da mata da ƙananan yara, babu ƙofar rufewa, babu sirri. Da sanyin hunturu a kan duwatsun Azbin ruwa kan iya daskarewa da dare, da bazara kuma guguwar rairayi har cikin akushi. Mai naƙuda da haihuwa ta zo mata da gardama, tsakaninta da asibiti tafiyar kwanaki ce a kan raƙumi. Yaro kuma ba zai yi makaranta ba sai an raba shi da iyayensa.

Na uku shi ne wanda tarihi ya fi nunawa. Gidan da ake ɗauka ba ya da amfani sai da hanya a buɗe da dabba a raye, kuma cikin shekaru ɗari duka biyun aka taɓa. A watan Disamba na 1916 Kawsan, tare da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, ya kewaye barikin Faransawa da ke Agadas, har zuwa Maris na 1917 da aka kawo musu ɗauki. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni: an kashe mutane, an ƙwace raƙuma, jama'a da dama suka bar Azbin suka gudo kudu. Bayan samun 'yancin kai kuma ƙasar kiwon da take shimfiɗa ɗaya ta tsinci kanta a cikin Nijar da Mali da Aljeriya da Libiya da Burkina Faso, kowace da iyakarta da jami'anta. A Nijar an yi doka a 1961 da ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, amma jama'a na ƙaruwa, gonaki suka yi ta haurawa cikin makiyaya. Manyan motoci kuma suka fara cin kasuwar raƙumi.

Sai fari ya zo ya ƙarasa. Daga 1968 zuwa 1974 damina ta yi ta gazawa, abin ya fi tsanani a 1973. Garkuna suka ƙare. Mutanen da ba su taɓa roƙon kowa ba suka taru a sansanonin rabon abinci, mafi shahara shi ne na Lazare a gefen Yamai, wanda yanzu ya zama unguwa. Yadda aka tafiyar da taimakon abinci na cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kunce ya hamɓarar da Diori Hamani a ranar 15 ga Afrilu, 1974. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga farin 1984 zuwa 1985. Ku lura da wani abu: tantin fata daga jikin akuya yake fitowa. In babu akuya babu fatar yin faci, babu man shafawa, babu jakin ɗauka, babu ma dalilin tashi. Samari suka bazama Libiya da Aljeriya neman aiki, wasu suka nufi Arlit inda aka fara haƙar yuraniyom a 1971, wasu suka gangaro Kano da Kaduna da Ikko suka kama gadi. Ina kyautata zaton cikin waɗannan Baba Buzunmu yake.

Waɗanda suka zauna wuri ɗaya suka fara gina ɗakin ƙasa, nan kuma lissafi ya juya. Fili da gini da kuɗin namiji ake yi, saboda haka gidan nasa ne. A Agadas da ƙauyukan Azbin za ka shiga gida ka ga ɗakin ƙasa na maigida, ga kuma tantin tabarma na uwargida a tsakar gida, kowa da nasa. In an rabu tana iya naɗe tabarminta, amma ƙasar da ke ƙarƙashi ba tata ba ce. Masu bincike da suka zauna da su sun kuma lura cewa auren mace fiye da ɗaya, wanda ba a cika yi a daji ba, ya ƙaru a cikin gari. Da rikici ya ɓarke a arewacin Mali a 2012, dubban iyalai sun ƙare a sansanonin gudun hijira irin su Mbera a Muritaniya da Abala a Nijar, ƙarƙashin tamfol. Shi ma tanti ne, sai dai ba ya zuwa ko'ina.

Da na gama ba 'yar yayata wannan labari sai na ce mata ta koma ta binciki Turawan nata. Wani mai suna Jay Shafer ne ya yi fice da ƙera irin ɗan gidan nan a kan tirela a 1999, abin ya ƙara karɓuwa bayan rikicin bashin gidaje na 2008 da ya raba Amurkawa da yawa da muhallinsu. Babbar matsalarsu kuwa ita ce inda za su ajiye shi, domin dokokin garuruwa da dama ba su yarda mutum ya mai da abin da ke kan taya mazauninsa na dindindin ba. Ashe ciwon ɗaya ne da na Azbin.

Ni dai abin da na tsinta a tarihin nan, abin kwaɗayi a tantin Buzuwa shi ne an san nata ne tun ranar ɗaurin aure. Mu a nan uwa kan shekara goma tana tara gado da kujeru da kwanuka, a ci bashi, a jera su a ɗakin da za a iya cewa 'yar ta fita daga cikinsa gobe. Na san iyaye ƙalilan da suka rage kayan ɗaki suka saya wa 'yarsu ɗan fili a bayan gari da sunanta, aka yi ta yi musu surutu a wurin jere. Na gaya wa yayata ta yi tunani a kan wannan kafin biki, ta ce in bari sai mun zauna.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya. Ku huta lafiya.