Sawakin: Tsibirin da Dokokin Jiragensa Suka Sauya Hanyar Alhazan Ƙasar Hausa

A 'yan shekarun nan hukumomin wasu ƙananan tsibirai da tsofaffin biranen bakin teku sun shiga sanya iyaka ga manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido, wato jiragen da ke ɗaukar dubban fasinjoji suna zagayawa da su daga tasha zuwa tasha domin shaƙatawa kawai. Gwamnatin Italiya ta hana jiragen da girmansu ya haura tan 25,000 ratsa tsakiyar birnin Benis tun daga watan Agusta na 2021, tsibirin Santorini na ƙasar Girka kuma ya tsayar da adadin baƙin da za su sauka daga irin waɗannan jirage a kan mutum 8,000 a yini, abin da ya tilasta wa kamfanoni sake tsara zangonninsu. Duk da cewa ƙasar Hausa ba ta da teku, mutanenta sun daɗe da sanin wannan al'amari ta wata fuskar da ta fi yawon shaƙatawa nauyi, domin tsawon shekaru masu yawa aikin hajjin talakan Kano da Katsina da Zazzau ya rataya ne a kan dokokin shiga da fita na wani ƙaramin tsibiri da ke gaɓar Bahar Maliya, wanda ake kira Sawakin.

Sawakin tsibiri ne mai siffar da'ira a ƙarshen wata siririyar mashigar ruwa a ƙasar Sudan, kimanin kilomita 60 kudu da inda birnin Fot Sudan yake a yau, kuma tsakaninsa da Jidda tafiyar kimanin kilomita 300 ce a kan ruwa. An gina gidajensa da dutsen murjani, wato dutsen da wasu ƙananan halittun teku ke tarawa sannu a hankali har ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa, kuma wannan dutse da ya ƙawata garin shi ne daga baya ya ƙuntata masa hanya. Ibn Battuta ya ambaci tsibirin a ƙarni na 14, amma tauraruwar tsibirin ta haska ne bayan rushewar tashar Aizab da ke arewa da shi a ƙarni na 15. Daular Usmaniyya ta karɓe shi a ƙarni na 16, Masar ta gaje shi a 1865, sannan buɗe mashigin Suwes a 1869 ya kawo masa jirage masu aiki da tururi, waɗanda suka fi na katako girma da zurfin ciki.

A zamanin da, yawancin alhazan ƙasar Hausa ba sa bi ta nan, domin sananniyar hanyarsu ita ce ta ayarin raƙuma daga Kano ko Katsina zuwa Agadas da Gat da Fazzan har Alƙahira, inda suke haɗuwa da ayarin Masar. Hanyar gabas, wadda ta ratsa Barno da Wadai da Darfur, ta bunƙasa ne sannu a hankali, kuma ta rinjayi ta hamada gaba ɗaya a farkon ƙarni na 20, lokacin da fataucin Sahara ya durƙushe kuma Turawa suka ci ƙasar. Bayan kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a gefen kogin Nilu kusa da Sinnar, garin da ya zama masauki ga waɗanda suka biyo baya. Maniyyacin da ya tashi daga Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi, garuruwan arewacin Zazzau da ke kusa da iyakar Kano, yakan nemi gafarar dangi da maƙwabta kamar wanda ba ya sa ran dawowa, ya nufi Kano, wadda layin dogo ya isa a 1911 bayan ya ratsa wannan yanki, daga nan ya kama hanyar Yarwa da Fot Lami, wato Njamena ta yanzu, da Abeshe da Junaina da Fashir har zuwa Al-Ubayyid, inda jirgin ƙasan Sudan ya isa a wajajen 1912. Tafiya ce ta shekaru, saboda mai ƙaramin guzuri yakan tsaya a kowane zango ya yi ƙodago ko ɗinki ko wanzanci ko koyar da allo, musamman a gonakin audugar Jazira da aka buɗe bayan kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, har ya tara kuɗin ƙetare ruwa.

A daidai lokacin da waɗannan matafiya suka fara yawaita, Sawakin kanta ta riga ta kama hanyar faɗuwa. Turawan Ingila da suka mallaki Sudan tare da Masar bayan rushe daular Mahadi a 1898 sun ga cewa mashigar tsibirin ta yi wa manyan jiragen zamani kaɗan, murjani kuma yana ƙara cike ta, don haka suka zaɓi wata gaɓa mai zurfi da ake kira Marsa Shaikh Bargut suka gina sabuwar tasha, wadda aka fara aikinta a 1905 aka buɗe ta a hukumance a 1909 da sunan Fot Sudan. 'Yan kasuwa da ofisoshin gwamnati suka riƙa ƙaura, kuma kafin ƙarshen shekarun 1920 yawancin manyan gidajen tsibirin sun zama kufai. Abu guda da aka bar wa Sawakin shi ne alhazai, kuma an bar mata su ne da gangan, domin hukuma ta fi son a tara su a wuri ɗaya mai sauƙin tsaro, nesa da tashar da ake lodin auduga da ƙaro.

Dalilin wannan tsari yana komawa ga annobar kwalara, wato ciwon amai da gudawa, da ta ɓarke a Makka a hajjin 1865 ta hallaka dubban mahajjata, sannan jiragen da suka kwaso masu komawa gida suka kai ta Masar, daga can ta shiga Turai. Tun daga taron da aka yi a Istambul a 1866, ƙasashen Turai suka ɗauki jirgin alhazai a matsayin abin da dole a sa wa ido, aka kafa wuraren killacewa, waɗanda ake kira karantina, inda ake tsare fasinjoji na wasu kwanaki a duba lafiyarsu a turara kayansu kafin a sallame su. Tsibirin Kamaran da ke kusa da Yaman ya zama karantinar masu zuwa daga Indiya da Jawa tun farkon shekarun 1880, Tur da ke Sina'i ta zama ta masu komawa arewa, Sawakin kuma ta zama ta masu fitowa daga Sudan da yammacinta. Yarjejeniyar Paris ta 1894 ta shimfiɗa ƙa'idoji kan filin da kowane fasinja zai samu a cikin jirgi da wajabcin ɗaukar likita, ta 1926 kuma ta ƙara da sharaɗin cewa maniyyaci ya mallaki tikitin zuwa da dawowa ko ya ajiye kuɗin da zai maido shi.

Babu shakka waɗannan dokoki sun ceci rayuka, domin cunkoson jiragen alhazai a ƙarni na 19 abin tsoro ne, kuma lambar rigakafin agana da ta kwalara sun rage mace-mace ƙwarai. Sai dai nauyinsu ya faɗa ne a kan wanda ya fi kowa rauni. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi hajji a 1921, ya tafi ne ta jirgin ruwa ta hanyar Ingila, ba shi da matsalar tikiti ko fasfo, alhali manomin da ya kwashe shekaru yana tsinkar auduga yakan iso bakin ruwa ya tarar da kuɗin jirgi da na karantina da na ajiya da harajin shiga Hijaz sun fi ƙarfin abin da ya ƙulle a lalitarsa. Da yawa daga cikin irin waɗannan, waɗanda mutanen Sudan da Hijaz ke kira Takari ko Fallata, sai suka koma satar hanya: suna gangarawa kudu zuwa gaɓar Iritiriya, wadda ke hannun Italiya a lokacin, su shiga sambuk, wato jirgin katako da iska ke turawa, a ƙetarar da su da dare a sauke su a wajajen Lis ko Ƙunfuza, su ƙarasa Makka a ƙafa. Wasu sun nutse, wasu ƙishirwa ta kashe su a gaɓar da aka zubar da su, wasu kuma, musamman yara, sun faɗa hannun masu cinikin bayi, cinikin da Saudiyya ba ta haramta ba sai a 1962. Akwai kuma waɗanda suka haƙura da ƙetarewa suka zauna a Sudan har suka yi jikoki suna kiran kansu matafiya, al'ummar da masani Bawa Yamba ya yi nazari a kanta a littafin da ya wallafa a 1995.

Jirgin sama ne ya kawo ƙarshen wannan zamani. A ƙarshen shekarun 1940 attajiran Kano, ciki har da Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim, suka shiga shirya jigilar maniyyata ta mota da ta sama, a 1953 kuma Alhaji Abubakar Imam, tsohon editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ya kawo batun buɗe ofishin kula da alhazan Nijeriya a Jidda a gaban majalisa. Da aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, a tsakiyar arzikin man fetur, tafiyar da ke cin shekaru ta koma ta sa'o'i kaɗan daga filin jirgin Kano. Sawakin ta ci gaba da rugujewa har 1991, lokacin da aka buɗe sabuwar tashar fasinja a kusa da ita mai sunan Usman Digna, sarkin yaƙin Mahadi da ya taɓa yi wa garin ƙawanya, domin jiragen da ke zirga-zirga zuwa Jidda. A watan Disamba na 2017 gwamnatin Sudan ta amince Turkiyya ta gyara tsofaffin gine-ginen tsibirin, da fatan jawo masu yawon buɗe ido da masu umara, amma faɗuwar gwamnatin Umar Albashir a 2019 da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 sun dagula wannan buri, hare-haren da 'yan Husi na Yaman suka fara kai wa jirage a ƙarshen shekarar kuma suka sa manyan kamfanonin yawon buɗe ido suka soke zangonnin Bahar Maliya, suna zagayawa ta kudancin Afirka.

Ƙayyadewar da a da ake yi a bakin ruwa yanzu ta koma kan takarda tun kafin maniyyaci ya bar gida. A 1988 ministocin harkokin wajen ƙasashen Musulmi suka amince a Amman cewa kowace ƙasa za ta riƙa tura kimanin mutum ɗaya daga cikin kowane Musulmi dubu nata, kuma a kan wannan ma'auni Nijeriya ta samu kujeru 95,000 a 2023 da 2024, bayan annobar korona ta hana baƙi zuwa a 2020 da 2021, ta kuma rage rabon ƙasar zuwa 43,008 a 2022. Hukumar alhazai ta ƙasa da aka sake kafawa a 2006 ita ke raba kujerun ga jihohi, hukumar jihar Kaduna kuma ta rarraba nata ga ƙananan hukumomi 23, inda manomin rake na Maƙarfi ko Kudan da mai lambun tumatir na Ikara ke zuwa su yi rajista, su biya kuɗin ajiya, a yi musu allurar sanƙarau da ta shawara, sannan su jira fitowar biza.