Rabon Kayan Maƙerar George Daniels a Tsibirin Man

Sa'ad da George Daniels, mashahurin maƙerin agogo na Ingila, ya rasu ran 21 ga Oktoba 2011, ya bar gidansa da ke Ramsey a Tsibirin Man cike da dukiya iri uku, watau agogai na tarihi da ya tara, da tsofaffin motoci, da kuma maƙerarsa. Yadda aka raba waɗannan abin lura ne ga mai nazarin tarihin sana'o'i, domin galibi a wajen kwashe shagon mamaci ne ilimin sana'a ya kan salwanta. Magada su kan sayar da magagari da hantsaki ɗai ɗai, har a rasa mai sanin abin da a ke yi da kowanne.

An haifi Daniels a 1926. A zamaninsa ƙirar agogo ta rarrabu, mai yin fuska daban, mai yin gida daban, mai yanka haƙoran ƙafafun ciki daban. Shi kuwa sai ya koyi kusan dukkan waɗannan, har ya iya ƙera agogo tun daga ɗanyen ƙarfe. Shi ne ya ƙago wata dabara ta rage gogayya a cikin agogo, wadda kamfanin Omega ya fara amfani da ita a 1999. Saboda haka kayan maƙerar, tun daga injunan gurzar ƙarfe da na zana ado har zuwa ƙananan kayan da ya gyara da hannunsa, a haɗe su ke da ma'ana, domin su ne shaidar yadda ya ke aiki.

Motocin da agogan an yi gwanjonsu a 2012. Kamfanin Sotheby's ya sayar da agogan a London cikin watan Nuwamba a kan fam fiye da miliyan 8, aka zuba kuɗin a asusun ilimi da ya kafa domin taimakon ɗalibai. Amma maƙerar ba ta shiga gwanjo ba. Ya yi wasiyya a ba da ita ɗungum ga Roger Smith, wanda ya zo tsibirin a 1998 ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Shi Smith ɗin nan, agogonsa na fari Daniels ya ƙi yabawa, sai da ya shekara biyar ya na ƙera na biyu kafin a karɓe shi.

Ko da ya ke Daniels ya rubuta littafi a kan sana'ar a 1981, ya san akwai abin da takarda ba ta ɗauka, kamar nauyin hannu wajen guga da sanin launin ƙarfe a wuta. Don haka kayan suka koma maƙerar Smith, aka ci gaba da ƙera agogo da su a tsibirin.