Garkuwar Dawa daga Cutar Fumfuna: Tarihin Gano Ta

Garkuwar dawa ita ce hanyar da shukar ke gane cewa fumfuna ta sauka a kanta, ta aika saƙo cikin jikinta, sannan ta haɗa sinadarin da zai kashe cutar. A gonakin Lambara da sauran ƙauyukan Shagari da Bodinga a ƙasar Sakkwato, alamarta sananniya ce: jan ɗigon da ke fitowa a ganyen dawa idan damina ta yi nisa, raɓa ta yawaita. Manomi kan ɗauka wannan ja shi ne ciwon. A gaskiya mafi yawansa martanin shukar ne.

An daɗe ana zaton shuka ba ta da abin yi idan cuta ta kama ta. A 1915 Elvin Stakman, a Amurka, ya bayyana yadda hatsin da ke jure cutar tsatsa ke kashe 'yan ƙwayoyin sel ɗinsa a daidai inda cutar ta shiga, don ta rasa abin ci. A 1940 Karl Müller da Hermann Börger, a Jamus, suka nuna cewa dankalin Turawa na haɗa wani dafi na musamman bayan cuta ta taɓa shi, suka sa wa irin wannan sinadari suna faitowaleksin. A wannan zamanin ne kuma Harold Flor, a jihar Dakota ta Arewa, ya gano cewa juriya kan dogara ne da haɗuwar ƙwayar gado ɗaya a shuka da wata takwararta a jikin cutar. Idan cutar ta sauya tata, shukar ba ta ƙara gane ta. Wannan ne ya sa iri mai juriya kan yi shekaru yana amfani, daga baya ya kasa.

Dawa ta shigo labarin ne ta hannun Ralph Nicholson na Jami'ar Purdue. A 1987 shi da abokan aikinsa suka gano cewa jan launin da tsiron dawa ke yi idan fumfunar antiraknos ta kama shi sinadarai ne masu kashe ta, manyansu afijeninidin da lutiyolinidin. A 1990 shi da Beth Snyder suka bi abin da madubin ƙara girma. Sun ga wasu 'yan ƙullutu marasa launi suna bayyana cikin sel ɗin da fumfunar ke ƙoƙarin hudawa, suna tururuwa zuwa bakin hudar, suna rikiɗa zuwa ja, sannan su fashe. Sel ɗin ya mutu, cutar ma ta mutu tare da shi. Bincike na baya ya nuna cewa bambancin iri mai juriya da marar juriya yana ga sauri: wanda ya tara sinadarin da wuri shi ke tsira, wanda ya makara kuwa jan zai fito, amma cutar ta riga ta wuce gaba.

Saura tambayar yadda saƙon ke tafiya. Bangon fumfuna yana ɗauke da wani abu mai suna kaitin, wanda shuka ba ta da shi. A 2006 da 2007 masana a Japan suka gano furotin da ke jikin fatar sel masu jin ɓurɓushin kaitin. Da zarar sun ji shi, kalsiyam ya kwarara cikin sel, wasu furotin su tada juna ɗaya bayan ɗaya kamar yadda kira ke bin unguwa daga baki zuwa baki, har labari ya isa cibiyar gado, a buɗe ƙwayoyin da ke haɗa dafin. A dawa, ɗaya daga cikin masu buɗewar ita ce ƙwayar gado da ake kira Y1. Sauran ganyaye kuma suna samun gargaɗi ta hanyar sinadarai irin su salisilik, ɗan uwan asfirin, wanda aka tabbatar da rawarsa a 1990.

Abin da ya kamata ɗan ƙasar Sakkwato ya sani shi ne, afijeninidin ba baƙo ba ne a nan. Shi ne jan da ke cikin karan dafi, irin dawar da ake nomawa don kubenta. Majema sun jeme fatar jar akuya da bagaruwa, dukawa suka rina ta da karan dafi, fatake suka ƙetara Sahara da ita, Turawa suka saye ta da sunan fatar Maroko. Kakanninmu sun zaɓi wannan iri sun adana shi tun kafin a san aikin sinadarin a jikin shuka, kuma abin takaici ne yadda nomansa ke ja da baya tun zuwan rinin kanti.

A yau Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda ke fitar da irin dawa na SAMSORG, tana duba juriyar cututtukan ganye kafin ta saki sabon iri ga manoma, kuma cibiyar ICRISAT na taya ta wannan aiki daga ofishinta na Kano.