Yadda Farautar Ɓaraka a Manhaja Ta Taso Daga Ido Zuwa Na'ura

Tun ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ciniki mai yawa a kasuwar Sabon Gari ya koma kan waya da na'urar POS. Duk kuɗin nan manhaja ce ke ɗauke da su, ita kuwa manhaja rubutu ce mai dubban layuka da mutane suka rubuta. Kuskure ɗaya a ciki ya isa ya zama ƙofar ɗan kutse, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ta yaya ake gano tsagar kafin shi?

Daga 1975 zuwa 1978 Farfesa Iya Abubakar ne shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, kuma sunansa cibiyar kwamfutar da ke Samaru take ɗauke da shi. A wancan zamani, ko'ina a duniya, babbar hanya ita ce mutum ya bi rubutun layi-layi da ido, sannan ya gwada. Amma ido yana gajiya. A ranar 2 ga Nuwamba 1988, wata manhaja da ɗalibi Robert Morris ya saki a Amurka ta kama dubban kwamfutoci. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ta bi ita ce ɗura wa manhaja bayanai fiye da abin da mazubinta zai ɗauka, har su malala zuwa inda bai kamata ba.

A shekarar dai, Farfesa Barton Miller na Jami'ar Wisconsin ya lura cewa, a wani dare da ake tafka ruwa, hargitsin layin tarho yana jefa tarkacen haruffa cikin umarninsa, manhajoji kuma suna ta durƙushewa. Daga nan aka samu dabarar fazin: a yi ta watsa wa manhaja shirme har ta faɗi, sai a binciki dalili. Duk da haka, ɓarakar Heartbleed ta yi kusan shekara biyu a manhajar tsaro ta OpenSSL kafin a bankaɗo ta a 2014. Matsalar fazin ita ce ba ya fahimtar abin da yake gwadawa, ƙwanƙwasa ƙofofi kawai yake.

Nan ne ƙirƙirarriyar basira mai sarrafa harshe, dangin ChatGPT da Gemini, ta shigo. Ita karanta rubutun take yi. A Nuwamban 2024 Google ya sanar cewa shirinsa Big Sleep ya gano ɓaraka a SQLite. An nuna masa wani gyara da aka yi a baya, aka ce ya nemo makamancin kuskuren, ya kuma samo wanda fazin ya tsallake. An toshe shi a ranar da aka kai rahoto, kafin ya iso ga jama'a. SQLite ɗin nan tana cikin kowace wayar Android da iPhone, har da wadda mai shago ke duba alat da ita.

Sai dai fa na'urar kan shirga ƙarya cikin kyakkyawan lafazi. Tun Janairun 2024 Daniel Stenberg, jagoran manhajar curl, yake kokawa kan rahotannin bogi da ake haɗawa da ita, masu cinye lokacin masu gyara. Sannan abin da mai tsaro ya samu, ɗan kutse ma ya samu.

Saboda haka ɗalibin Samaru da ke son wannan fanni ya sani: abin da na'ura ta ba shi zato ne, sai ya tabbatar da shi da hannunsa kafin ya kai rahoto. Kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba izini. Mai shago kuwa, in waya ta nemi a sabunta ta, kada a ja lokaci. Sau da yawa facin wata tsaga ne ya iso.